Ganyen Ɓaure da Hanyar Gidan Kwano

Dukanku kun taso kuna jin cewa ni ce na raba babanku da tuƙi. Gwaggonku Asabe ta sha faɗa a gabanku, a wajen suna da wajen biki, ni kuwa ban taɓa tanka mata ba, domin yana raye a lokacin, kuma ba ya son a baza maganar ciwonsa. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, ni ma jiki ya fara nauyi. Abin da ta faɗa haka yake, ni ce na je da ƙafata. Sai dai ba ta san abin da idona ya gani ba kafin in je, ku ma ba ku sani ba, don ko babbanku Aminu bai gama firamare ba a shekarar.

Muna haya a Bosso ne lokacin, ciki da falo, a wani gida mai tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya. Babanku yana jan farar bas ta wani Alhaji mai sayar da kayan gini, yana kwasar ɗalibai daga Bosso zuwa Gidan Kwano, saboda a shekarun ne aka mayar da yawancin karatun jami'a can, alhali yaran a cikin gari suke kwana. Da sassafe yake fita, ya yi ta kai da komo har bayan la'asar. Direba ne mai natsuwa, ba ya gudu, ba ya tsere da kowa, kuma yana alfahari da cewa tun da ya kama sitiyari ko akuya bai taɓa bugewa ba. Ɗalibai mata har jiran motarsa suke yi ko da wata ta riga ta cika.

Ciwon ya fara ne da ƙishirwa. Sai ya shanye buta guda ya ce bai ji komai ba, ga yawan fitsari, ga rama, har wandunansa suka yi masa yawa. Da muka je asibiti aka gwada jininsa, likita ya ce ciwon suga ne, ya rubuta masa wata ƙwaya da zai riƙa sha da safe, ya ce ya ci abinci a kanta, ya dawo bayan wata guda. Muka kamo hanyar dawowa ni da babanku. Na san inda hankalinsa ya tafi. Mahaifinsa, kakanku na Kontagora da ba ku tarar ba, wannan ciwon ne ya kama shi. Ɗan ƙaramin miki ne ya fito masa a yatsa, ya ƙi warkewa, har aka kai ga yanke ƙafar daga gwiwa, kuma babanku ne ya yi jinyarsa har ya cika. Sai da muka shiga ɗaki ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, sannan ya ce:

“Hauwa, ko me za a yi a yi, ni dai kada in kai inda Baba ya kai.”

A gidan namu akwai wata dattijuwa Banufiya mai sayar da shinkafa, Nna Aishetu. Ita ta ji labari ta kira ni ɗakinta, ta ce a gidan ƙaninta a Chanchaga akwai bishiyar ɓaure, ba irin na daji da muka sani ba, irin na ƙasar Larabawa ne da wani ya taho da reshensa aka dasa, kuma masu wannan ciwon suna zuwa roƙon ganyen. Ranar wata Asabar muka hau mota muka je. Bishiyar ba ta fi tsayin katanga ba, tana bayan wurin wanke-wanke inda ruwa ke kwanciya, ganyenta faffaɗa kamar tafin hannu an buɗe yatsu, da kaushi idan ka shafa. Da na tsinko na farko wani farin ruwa kamar madara ya fito ya zuba mini a hannu, kafin mu iso gida wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi. Nna Aishetu ta yi dariya ta ce gobe sai in sa leda a hannu. Hausarta irin ta wasu mutanen Bida ce, mace ma “ka” take ce mata.

“Maman Aminu, ka wanke shi, ka shanya cikin inuwa, ba rana ba. Ganye biyu ya isa. Ka ba shi kofi ɗaya bayan ya ci tuwo. Kada ka ƙara, wannan abu yana da ƙarfi.”

Haka na yi. Na shimfiɗa ganyen a faifai a ƙarƙashin gado har ya bushe ya yi ƙaras-ƙaras, in murmushe biyu a ƙaramar tukunya, in bari ya tafasa kaɗan, in sauke in rufe. Ruwan yakan fito fatsi-fatsi kamar shayin da bai ji ganye ba, ƙanshinsa kuwa kamar na kwakwa, har ku kan zo ku tsaya a kaina kuna cewa a sam muku. Babanku yana shansa da yamma bayan tuwo, ba sukari, yana hurawa yana kurɓa. Kuma gaskiya ya ji daɗin jikinsa. Ƙishirwar ta ragu, barcinsa ya daidaita, da ya je wani kemis aka gwada shi aka ce sugan ya sauka, sai ga shi ya dawo da tsire yana raba muku. Ban taɓa zargin ganyen nan ba, har gobe. Abin da ya biyo baya tsoro ne ya jawo shi.

Da ya ga abin ya karɓe shi, sai ya ce a ƙara. Daga ganye biyu aka koma cikin hannu guda, daga kofi ɗaya aka koma fulas da yake tafiya da shi a mota. Ruwan ya koma kore mai duhu, ga ɗaci, ƙanshin ma ya gudu. Abinci kuwa ya zama abokin gabarsa. Wani ya ce masa shinkafa suga ce, ya bari. Wani ya ce doya, ya bari. Burodi, koko, tuwon masara, duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yankewa. Sai ya haɗiyi ƙwayar asibiti da asuba, ya kora da ruwan ganye, ya ɗauki makulli ya fita da cikinsa wayam. In na yi magana ya ce ni ban ga ƙafar Baba ba ranar da aka kwance bandeji. Wata ya cika, ya ƙi komawa wurin likita, wai kada a ce masa ya ajiye aiki.

Ranar wata Juma'a, bayan ya dawo masallaci, yana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki ina tsince wake, sai na ga carbi ya faɗi daga hannunsa. Na ɗaga kai na ga gumi yana tsattsafo masa kamar an watsa masa ruwa, hannuwansa suna rawa, leɓensa ya yi fari. Na ce, “Malam, lafiya?” Ya dube ni irin kallon da ake yi wa baƙon da ya shigo gida ba sallama. Ya buɗe baki, maganar ta fito a tauna, ba kai ba gindi, sannan ya daka mini tsawa, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na yi zaton iska ce ta shige shi. Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina, na kasa ko tashi.

Allah Ya sa Maman Grace tana gida. Nas ce, mutuniyar Kafanchan, ɗakinta yana kallon namu. Ta fito da zani a ƙirji, ta dube shi sau ɗaya, ta tambaye ni me ya ci tun safe. Na ce babu, sai magani da ruwan ganye. Ta koma da gudu ta damo sukari a kofi, ta tallafe kansa tana ba shi kaɗan-kaɗan. Ni ina cewa ai mai ciwon suga ne, za ki kashe shi, ita ko kallona ba ta yi ba. Kafin wani lokaci sai na ga idonsa ya dawo. Ya dube mu, ya dubi rigarsa da ta jiƙe, ya ce me ya faru. Bai tuna komai ba.

Daga baya ta ja ni bayan rijiya ta yi mini bayani a hankali. Ta ce ƙwayar tana saukar da suga, ganyen ma yana saukarwa, ga shi ba ya cin abinci, to sugan ne ya faɗi ƙasa warwas. Ta ce hawan suga a hankali yake cin mutum, amma faɗuwarsa nan take take ɗauke hankali, kuma mai shi ba ya sanin ta zo. Sannan ta ce:

“Maman Aminu, yau a tabarma ya same shi. Idan a kan titi ne fa, da yaran mutane a baya?”

Wannan tambayar ce ta hana ni sakat daga ranar. Da na maimaita masa ita, sai ya ce gajiya ce kawai da zafin rana, kuma ya yi mini kashedi kada maganar ta fita daga gidan nan, don in Alhaji ya ji zai karɓe makulli, in kuwa labari ya shiga tasha ba mai sake ba shi mota. Ya je da kansa ya roƙi Maman Grace ta rufa masa asiri. Ta ce ba za ta kai shi ƙara ba, amma ya ci abinci ya koma asibiti. Ya ce to. Bai yi ko ɗaya ba.

Na gwada duk dabarar da na sani. Na rage ganyen na ƙara ruwa, ya kurɓa sau ɗaya ya gane. Na ce ganye ya ƙare, sai ya biya Chanchaga da kansa ya cika leda. Na sa Nna Aishetu ta yi masa magana, ya saurare ta da ladabi ya yi godiya, washegari ya ɗauki fulas ɗinsa. Na soya ƙosai na tura masa a aljihu, da yamma in tarar da shi yadda na sa. Tun daga fitarsa har dawowarsa zuciyata ba ta zama wuri ɗaya. In na ji jiniyar motar asibiti a babban titi sai in fita ƙofar gida in leƙa. In na ga mutum biyu sun tsaya a ƙofar gida suna magana ƙasa-ƙasa sai in ce shi ke nan, an zo faɗa mini. Wata rana ya dawo da ƙujewa doguwa a gefen motar, ya ce ɗan acaba ne ya goge shi, amma bai dube ni ba da yake faɗa, kuma fentin da ya manne a wurin irin na ƙarfen gada ne.

Sai na ce bari in gani da idona. Na ce masa ina son zuwa wajen Gidan Kwano in sayo doya a hannun Gwarawa, an ce ta fi araha a can. Ya ce in shirya. Na ƙulle sukari a bakin mayafina, na zauna a kujerar da ke bayansa daidai. Damina ce, an kwana ana ruwa, garin da sanyi. Motar ta cika da ɗalibai, wasu na duba takardu, wasu na gardamar ƙwallo. Wata yarinya siririya ta zauna kusa da ni rungume da jakarta, ta gaishe ni ta ce “Mama”, kafin mu kai Kpakungu barci ya ɗauke ta, kanta ya kwanta a kafaɗata. Ni kuwa ƙeyar babanku kawai nake kallo.

Mun bar cunkoson gari, hanya ta buɗe, gonaki dama da hagu, sai na ga ɗigon gumi ya gangaro daga ƙarƙashin hularsa. Na ce a raina wataƙila zafin inji ne. Wani ya biyo, wuyan rigarsa ya fara jiƙewa. Na leƙa na ga yatsunsa a kan sitiyari suna motsi kamar mai kaɗa ganga a hankali. Na ce, “Malam.” Bai amsa ba. Na sake kira da ɗan ƙarfi. Motar ta fara karkata zuwa tsakiyar titi, sannu-sannu, yadda ba wanda ya lura sai ni. Can gabanmu wata tankar mai ta taho, tana kunna fitila tana kashewa, ta danna hon ba ta saki ba. Na ga fuskar direbanta, na ga bakinsa a buɗe.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dunƙule hannu na kai wa babanku duka a tsakiyar baya da iya ƙarfina, na kira shi da sunansa na yanka, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura mana aure. Ya zabura, ya fizgi sitiyari zuwa dama. Iskar tankar ta girgiza mu ta wuce. Motarmu ta sauka daga kwalta, ta yi tsalle a kan kwalbati, ta kutsa cikin wata gonar masara, tayoyinta suka nutse a laka, ta mutu. Na faɗa kan kujerarsa, na kwance bakin mayafi da haƙori, na riƙa tura masa sukari a baki ina cewa ya tsotsa. Bayana kuka da salati da kiran Yesu duk sun gauraye. Yarinyar nan leɓenta ya fashe, jini yana zuba a kan jakarta, tana ta tambayata me ya faru.

Allah Ya tsare, ba wanda ya karye. Amma abin da ya fi ba ni tsoro a ranar shi ne abin da ya biyo baya. Da hankalinsa ya dawo, sai ya sauka ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya ce wa yaran sitiyari ne ya ƙwace, amma ya gyaru. Suka yarda da shi, don sun san shi. Har wani yana cewa ba don gwanintar Baba ba da yanzu wani labarin ake yi. Samarin suka tuɓe takalma suka tura motar ta hau titi, kowa ya koma mazauninsa, ya tayar ya kai su makaranta. Ya juyo ya ɗauki wasu. Ni na sauka a bakin hanya na zauna a kan wani dutse, doyar ma ban saya ba.

Da yamma na durƙusa a gabansa na roƙe shi don Allah da Annabi ya huta ko na mako guda ne, mu je asibiti. Ya ce in ya huta wa zai ciyar da ku. Ya ce ai ya gane yanzu, zai riƙa jin alamar ya tsaya. Na ce ɗazu ka ji alamar? Ya tashi ya fita. Da gari ya waye na ƙi dafa ganyen, sai ya hura gawayi da kansa ya dafa, ya cika fulas, ya haɗiyi ƙwayarsa, ya fita. Ina tsaye ina jin ƙarar motar har ta ɓace.

Na shirya ku kuka tafi makaranta, na goya Maryam, na hau acaba zuwa shagon Alhaji. Ban taɓa magana da shi ba sai gaisuwa daga nesa. Na same shi a cikin buhunan siminti, na durƙusa. Na ce ni ce iyalin direbansa. Na gaya masa komai, tun daga asibiti har gonar masara. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce:

“Kin san abin da zai biyo bayan wannan maganar?”

Na ce na sani.

“Yana kan hanya yanzu?”

Na ce yana kai.

Nan take ya tura a tare shi a tasha. Ya tambaye ni ko ina so ya ɓoye wanda ya gaya masa. Na ce kada ya yi ƙarya saboda ni.

Kafin azahar babanku ya shigo gida a ƙafa, da dardumar sallarsa da fulas a cikin leda. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

“Ke ce?”

“Ni ce, Malam.”

Ya gyaɗa kai, ya ajiye ledar, ya shiga ya kwanta ya juya fuska bango. Bai zage ni ba, bai ce in tafi gidanmu ba. Da ya yi ɗaya daga ciki wataƙila da ya fi mini sauƙi. Har damina ta wuce, in ban da “ina kwana” da “ga abinci” ba abin da ke shiga tsakaninmu.

Abin da ya ji wa tsoro kuwa ya faru. Labari ya zaga tasha, ba wanda ya sake miƙa masa makulli. Gwaggonku ta zo daga Kontagora ta tsaya a tsakar gida ta ce ni na zuba masa wani abu a ruwan ganye na juya masa kai, sannan na je na tona masa asiri. Aka cire Aminu da Sadiya daga makarantar kuɗi. Na fara soya awara a bakin ƙofar jami'a ta Bosso, inda kuka sha zuwa kuna taya ni. Shi kuma daga baya ya kafa tebur a bakin titi yana sayar da baƙin mai, yana zaune motoci suna wucewa ta gabansa, tsofaffin abokan aikinsa suna danna masa hon yana ɗaga hannu. Na san abin da hakan yake yi masa. Zaman gida ne ya sa a ƙarshe ya yarda Maman Grace ta raka shi asibiti. Likita ya rage masa ƙwayar, ya tsara masa abin da zai ci, ya ce in yana son ganyensa ya sha kofi ɗaya marar kauri bayan abinci, ya kuma riƙa zuwa gwaji. A haka ya rayu shekaru masu yawa, kuma abin bai sake kama shi ba sai sau ɗaya cikin azumi.

Mun shirya a hankali, ba tare da an zauna an yi maganar ba. Sai bayan auren Sadiya, wata ranar da gida ya watse muka rage mu biyu a tsakar gida da yamma, na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya yafe mini zuwan da na yi wurin Alhaji. 

“Ba ki yi mini laifi ba balle in yafe,” ya ce. “Da na kashe 'ya'yan mutane, da ban san inda zan sa kaina ba. Amma ban ji daɗi ba, Hauwa. Har yau ɗin nan ban ji daɗi ba.”

Na ce na sani. Ya ce to, ya jawo butarsa ya fara alwalar magariba. Ba mu sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.